Wane ne Gio Ponti, kuma me ya sa kujerarsa take da daraja haka?

Wani kafinta mai sha'awar karance-karance ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ga hoton wata siririyar kujera ta katako a kundin tallar kayan ɗaki, da sunan Gio Ponti a ƙarƙashinta, da kuma farashin da ya ɗaure masa kai. Ya ce bai ga wani abin a zo a gani a jikinta ba, babu sassaƙa, babu soso, babu ado, saboda haka yana son ya san ko wane ne wannan mutum, kafinta ne ko kuwa mai zanen gine-gine, kuma me ya sa ake ɗaukaka aikinsa.

Malam, rashin adon da ka lura da shi shi ne ainihin abin da ake yabo, amma kafin mu kai ga kujerar ya kamata ka san mai ita. Giovanni Ponti, wanda duniya ta sani da Gio Ponti, an haife shi a birnin Milan na arewacin Italiya a ranar 18 ga Nuwamba, 1891, kuma a can ya rasu a ranar 16 ga Satumba, 1979. Zanen gine-gine ya karanta a babbar makarantar fasaha ta Milan, wato Politecnico, sai dai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya katse masa karatu, ya yi aikin soja a rundunar injiniyoyi masu gina gadoji, bai kammala ba sai a 1921. Shi ba kafinta ba ne, bai kuma taɓa da'awar haka ba. Mutum ne da ya ɗauki zanen cokali, da zanen kujera, da zanen bene mai hawa talatin a matsayin sana'a ɗaya, kuma a cikin shekaru kusan sittin da ya yi yana aiki ya zana dukkansu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da tangaran ya fara yin suna. Daga 1923 zuwa 1930 shi ne shugaban sashen zane na kamfanin Richard-Ginori, tsohon kamfanin da ke ƙera faranti da tuluna da kofuna, kuma kayan da ya zana musu sun ci babbar kyauta a baje kolin fasahar ado da aka yi a Paris a 1925. A wannan masana'anta ya koyi darasin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, cewa abin da inji ke fitarwa da yawa ba dole ne ya zama mummuna ba, matuƙar mai zane ya zauna da masu aikin hannu ya fahimci abin da kayan aikinsu ke iya ɗauka. A 1928 ya kafa mujallar Domus, wadda Gianni Mazzocchi ya zama mawallafinta, kuma ya shugabance ta har zuwa rasuwarsa, in ban da shekarun 1941 zuwa 1947 da ya bar ta ya gudanar da wata mujallar mai suna Stile. Har yau ana buga Domus. A ganina, ko da Ponti bai gina komai ba, wannan mujalla kaɗai ta isa a tuna da shi, domin ita ce ta haɗa masu zane da masu masana'anta da masu saye a wuri guda, ta kuma kai labarin kayan Italiya ƙasashen waje.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da bai kamata a tsallake ba. Shekarunsa na tasowa sun zo daidai da mulkin kama-karya na Mussolini, kuma ya karɓi ayyukan da suka fito daga hukumomin wannan zamani. Shi ya zana hasumiyar ƙarfe da aka kafa a lambun Sempione na Milan a 1933, wadda aka sa wa suna Torre Littoria, suna mai alaƙa da jam'iyyar Fasist, kuma a yau ake kiranta Torre Branca. Shi ya zana ginin sashen lissafi a sabuwar harabar Jami'ar Rum, wanda aka kammala a 1935 ƙarƙashin babban tsarin da mai zanen gine-gine Marcello Piacentini ya jagoranta. Mafi yawan manyan masu zanen gine-gine na Italiya a lokacin sun yi irin wannan aiki, amma yawansu bai wanke kowa ba, kuma mai son Ponti ya kamata ya so shi da sanin wannan. A shekarun nan ne kuma ya gina hedikwatar kamfanin Montecatini a Milan, tsakanin 1936 da 1938, inda ya zana komai da komai, daga fuskar ginin har teburan ma'aikata da kujerunsu da kayan banɗaki. Daga 1936 zuwa 1961 yana koyarwa a makarantar da ta yaye shi.

Yanzu sai kujerar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Milan ta fito da raunuka, domin ruwan bama-bamai na Agustan 1943 ya rushe gidaje masu yawa, mutane suna komawa ƙananan ɗakuna a sababbin benaye, kuma manyan kayan ɗaki masu nauyi irin na kakanni ba su da wurin zama a cikinsu. A arewacin birnin akwai yankin Brianza, wanda ya daɗe da shahara da kafintoci, kuma a garin Meda na wannan yanki 'yan'uwa biyu, Cesare da Umberto Cassina, suka kafa kamfaninsu a 1927. Kwangilar kayan manyan jiragen ruwa na fasinja, ciki har da Andrea Doria wanda Ponti ya yi aiki a kan adon cikinsa, ita ce ta taimaka wa Cassina ya tashi daga ɗan shagon kafinta zuwa masana'anta mai iya fitar da kujeru ɗaruruwa iri ɗaya. A nan ne Ponti ya sami hannayen da yake nema.

Bai ƙirƙiro kujerar daga iska ba. A garin Chiavari na gaɓar tekun Liguria, tun farkon ƙarni na 19, wajen 1807, wani kafinta mai suna Giuseppe Gaetano Descalzi ya fito da wata kujera siririya mai saƙaƙƙen mazauni, wadda ta bazu har fadojin Turai saboda rashin nauyinta. Ponti ya ɗauki wannan gado ya soma rage shi. Matakin farko ya fito a 1951 da sunan Leggera, lamba 646, mai ƙafafu zagayayyu. Bai gamsu ba, shi da kafintocin Cassina suka ci gaba da gwaji na shekaru, sai a 1957 aka fitar da Superleggera, lamba 699, kuma ina kyautata zaton ita ce ka gani a hoton. Nauyinta kilo 1.7 ne kacal.

Kai da kake riƙe da zarto da sauran kayan aikin kafinta kullum za ka fi kowa gane wahalar abin da aka yi. Ƙafar kujerar ba zagayayya ba ce, ba kuma mai kusurwa huɗu ba. Idan ka yanke ta a tsakiya za ka ga kusurwa uku ce, kaurinta milimita 18, tana kuma ƙara sirancewa zuwa ƙasa. Dalilin wannan siffa shi ne a bar nama a daidai fuskokin da sandunan gicciye ke shiga, a aske duk sauran katakon da ba ya ɗaukar komai. To, ka san cewa duk lokacin da aka huda rami a siririn katako an raunana shi, kuma a nan ana huda ramuka fiye da ɗaya a ƙafar da ba ta kai kaurin babban yatsa ba. Saboda haka dole ramin da harshen da ke shiga cikinsa su yi daidai ƙwarai, babu ko ɗan wasa, domin babu faranti na ƙarfe ko wani tallafi da zai rufa wa mai aiki asiri idan ya kuskure. Itacen da aka zaɓa shi ne wanda Italiyawa ke kira frassino, mai dogon zare, mai lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba, kuma dole a tsaga shi bisa zarensa, don sandar da zarenta ya karkace ba za ta jure ba. Ƙafafun baya suna hawa su zama majingina, sai su karya baya kaɗan a sama da mazauni, daidai inda bayan mutum ke buƙatar tallafi. Mazaunin kuwa saƙa ce ta wani irin kara na Indiya da ake yi da hannu a kan firam ɗin kansa, kuma ɗaurin saƙar yana taimakawa wajen riƙe sassan wuri guda.

Ƙarfin kujerar yana cikin sassaucinta. Idan mutum ya zauna, tana ɗan motsawa ta raba nauyin ga dukkan gaɓoɓinta, maimakon ta tsaya ƙiƙam har wata gaɓa ɗaya ta gaji ta tsage. Hotunan tallar da aka yi mata sun nuna yaro ƙarami yana ɗaga ta da yatsa ɗaya, kuma ana ba da labarin cewa an riƙa jefo ta daga saman bene a masana'antar don gwaji, sai ta yi tsalle ba ta karye ba. Ponti da kansa ya bayyana burinsa da cewa kujera yake so wadda kujera ce kawai, ba tare da wani kirari ba, mai sauƙi, mai araha, ta gidan kowa. Maganar araha ce kaɗai ba ta tabbata ba, domin aikin hannun da take ci, da zaɓen katako, da saƙar mazauni, sun sa ta zama kayan masu hali. Ina ganin wannan gazawa ce ta gaske idan aka auna da niyyarsa, ko da yake ba ta rage komai daga ingancin aikin ba. Cassina na ƙera ta har yanzu.

A daidai shekarun da ake aske ƙafar wannan kujera, Ponti yana aikin ginin da ya fi shahara da shi, wato dogon benen kamfanin taya na Pirelli da ke fuskantar babbar tashar jirgin ƙasa ta Milan. An soma ginin a 1956, aka ƙaddamar da shi a 1960, tsayinsa mita 127, hawa 32, kuma mutanen Milan na kiransa Pirellone. Ya yi shi ne da abokan ofishinsa, Antonio Fornaroli da Alberto Rosselli, tare da manyan injiniyoyi biyu, Pier Luigi Nervi da Arturo Danusso, waɗanda suka tsara ƙashin ginin. Wanda ya fahimci kujerar zai gane benen nan take, domin tunani ɗaya ne. Faɗinsa ya kai kusan mita 70, amma kaurinsa bai wuce mita 18 da rabi ba a tsakiya, sannan yana tsukewa zuwa gefuna biyu har ya kusan zama baki. Gini siriri haka mai wannan tsayi babban abokin gabarsa iska ce, kuma maimakon dajin ginshiƙan ƙarfe irin na Amurka, sai aka yi amfani da kankare: ƙaƙƙarfan sassa masu kusurwa uku a ƙarshen kowane gefe, da manyan ginshiƙai 'yan kaɗan a tsakiya, waɗanda kaurinsu ya kai mita 2 a ƙasa ya ragu zuwa rabin mita a sama, tunda nauyin da suke ɗauka raguwa yake yi yayin da ake hawa. Rufin ma an ɗaga shi ya rabu da jikin ginin, sai ka ga kamar yana shawagi.

Ponti yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan. Yana ganin dogayen benayen Amurka na lokacin akwatuna ne da za a iya ƙara musu hawa goma ko a tsawaita su ta gefe ba tare da komai ya canza ba, shi kuwa yana son siffa kammalalliya, wadda ba a iya ƙara mata ko a rage mata. Wasu masu suka a Italiya sun ce benen ya yi kama da kayan ɗaki da aka kumbura ya zama gini. Ban ga aibu a cikin wannan ba, domin kulawar da ake ba kujera mai kyau ita ce ake rasawa a mafi yawan dogayen gine-gine. Akwai wata al'ada ta Milan da ta shafi ginin: ba a son wani gini ya ɗara mutum-mutumin Maryama da ke kan ƙololuwar babbar majami'ar birnin, wanda ke mita 108 da rabi daga ƙasa, don haka da Pirelli ya wuce shi sai aka ɗora ƙaramin kwafinsa a kan rufin. Gwamnatin yankin Lombardiya ta sayi ginin a 1978. A ranar 18 ga Afrilu, 2002, wani ƙaramin jirgin sama ya afka cikinsa, matuƙin da mata biyu da ke aiki a ciki suka mutu, amma ƙashin ginin ya tsaya, kuma gyaran da ya biyo baya ya maido da fuskarsa yadda take tun asali.

Idan aka tambaye ni aikin da ya fi nuna Ponti gaba ɗayansa, gidan Planchart zan ambata, wanda ke kan wani tudu a Karakas, babban birnin Benezuwela. Armando Planchart, attajiri mai dillancin motoci, da matarsa Anala, masu karanta Domus ne, sai suka tafi Milan a 1953 suka nemi ya gina musu gida, aka kammala shi a 1957. Bangayen waje an yi su kamar faifai siriri da aka rataya, ba su haɗu da juna a kusurwa ba, ba su kuma taɓa rufi ba, da dare kuma haske na fitowa ta waɗannan tsagogi, sai gidan ya yi kamar ba shi da nauyi. A ciki Ponti ya zana daɓen marmara mai launi-launi, da silin, da ƙofofi, da kujeru, da faranti, aka ƙera mafi yawansu a Italiya aka kawo ta jirgin ruwa, yana kuma bin aikin ta hanyar wasiƙu masu ɗimbin yawa cike da zane. Uwargidan tana da tarin furanni da take son a ba su wuri, aka ba su. Maigidan yana da kawunan namun daji da ya farauto, waɗanda Ponti bai so su mamaye ɗakin karatu ba, sai ya ɓoye su a bayan allunan bango masu juyawa, a fito da su idan ana so a kuma mayar. Wannan yana nuna mutumin da ke sauraron masu gida ba tare da ya sayar da ra'ayinsa ba.

Sauran ayyukansa suna da yawa, ba kuma duka ne suka kai waɗannan ba. Ya zana injin haɗa kofi na La Pavoni a 1948, da kayan banɗaki na Ideal Standard a 1953, da fitilu na Fontana Arte, kuma shi ne ya kawo shawarar kyautar Compasso d'Oro da babban kantin La Rinascente ya soma bayarwa a 1954 don girmama kayan masana'anta masu kyan zane. A otal ɗin Parco dei Principi da ke Sorrento, a farkon shekarun 1960, ya zana tayil iri 30 da launi biyu kawai, shuɗi da fari, ana jujjuya su a jera ta hanyoyi dabam-dabam yadda daɓen ɗakuna kusan ɗari bai maimaita kansa ba. Ya gina gidan Nemazee a Tehran, da ginin wata ma'aikatar gwamnati a Bagadaza, da ofisoshin gwamnati a Islamabad. A ƙarshen rayuwarsa ya yi majami'ar Taranto da aka kammala a 1970, mai bango hudajje kamar filafilan jirgin ruwa a madadin ƙubba, sai gidan adana kayan fasaha na Denver a Amurka a 1971, wanda aka lulluɓe da tayil na gilashi fiye da miliyan ɗaya. Ni dai kayan da ya yi tare da mai zane Piero Fornasetti, inda ake rufe kabad da tebur da zane-zane har katako ya ɓace, ba su burge ni kamar sauran ba, ko da yake masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai yawa a kansu. Ponti ya fi ƙarfi a inda yake ragewa. Amma gaskiya ne cewa bai taɓa yarda da masu cewa ado laifi ne ba, kuma wannan ne ya raba shi da tsattsauran 'yan zamani na Jamus da Faransa, ya kuma sa wasu daga cikinsu suka daɗe suna yi masa kallon mai ƙawa kawai.

Game da farashi, abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Sabuwar kujera daga Cassina tana da tsada ne saboda aikin da na bayyana da kuma haƙƙin sunan, haka ma kayan da kamfanin Molteni ya soma sake fitarwa daga 2012 da izinin magadansa. Tsofaffin kayan da aka yi tun yana raye, musamman waɗanda aka zana wa gida ɗaya ko jirgi ɗaya, su ne ke kai farashi mafi girma a kasuwar gwanjo saboda ƙarancinsu. A nan ake bukatar hattara, domin kafintocin Brianza da yawa sun kwaikwayi salonsa a shekarun 1950, kuma dillalai na yawan rubuta cewa kaya “a salon Ponti” yake, wanda ba daidai yake da cewa shi ya zana ba. Ma'ajiyar takardunsa da ke Milan, wadda iyalinsa ke kula da ita, tana duba kaya ta ba da shaidar inganci, kuma manyan gidajen gwanjo suna neman wannan takarda.

Idan kuwa burinka ka gwada irin wannan aiki a shagonka, kada ka fara da milimita 18. Ka fara da kauri irin na Leggera, da busasshen katako mai miƙaƙƙen zare wanda ka san yana lanƙwasa, ka yanka ramuka da harsuna su shiga da ɗan bugu ba tare da ƙusa ba, ka saƙa mazaunin a kan firam ɗin, sannan ka ba wa mutum mai jiki ya zauna a kai na wasu makonni. Ka duba gaɓar da ke tsakanin ƙafar baya da sandar mazauni, domin nan ne kowace kujera ke fara sakin jiki idan mai zama ya jingina. Idan ta riƙe, sai ka rage milimita ɗaya ko biyu a ta gaba, ka sake gwadawa. Katako mai nauyi da tauri wanda ba ya sassauci ba zai yi wannan aiki ba, komai kyansa a ƙofa ko tebur, don a wannan siranta tsagewa yake yi.